Mudun Saye da Mudun Sayarwa

Jama'a, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu ɗalibai, watau gardamar asalin Attaura da Alƙur'ani: wa ya rubuta su, yaushe aka rubuta, wa kuma ya ɗauka daga wa. Ni ban ga laifin tambayar ba. Jami'a ai wurin tambaya ce, matambayi kuwa ba ya ɓata. Abin da ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili shi ne yadda a ke yin gardamar, domin na lura masu yin ta, ta kowane gefe, sun ɗauki halin ɗan awon nan na kasuwar hatsi mai mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa.

Kashi na farko su ne 'yan'uwana masu zafin kishin addini. In an zo kan Attaura sai ka ji sun zazzago sunayen Turawa, wane ya tabbatar ba Annabi Musa ya rubuta ta ba, wane ya gano hannu huɗu a cikinta. In ka ce to, ga kuma abin da waɗannan Turawa ko almajiransu suka faɗa a kan Alƙur'ani, sai ido ya yi ja, a ce maka ai maƙiya Musulunci ne, ba a karɓar shaidarsu. Kashi na biyu ba su kai na farko yawa ba, kuma ba su cika magana a fili ba sai an keɓe. Su a ganinsu wayewa ita ce mutum ya taɓe baki ya ce ai tuni aka gano Alƙur'ani kwafe ne daga littattafan Yahudawa, ko kuwa an harhaɗa shi ne shekara ɗari biyu bayan wafatin Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tambayi na farko shafi nawa ya karanta na Wellhausen, ka tambayi na biyu shafi nawa ya karanta na Wansbrough. Duka biyun a bakin wani suka ji.

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri, don kada a ɓata lokaci wajen laluben zuciyata. Ni Musulmi ne, na gaskata Alƙur'ani maganar Allah ce, na kuma gaskata Allah ya saukar wa Annabi Musa Attaura. Wannan imani ban same shi a ɗakin gwaje-gwaje ba, ba kuma can za a ƙwace mini shi ba. Amma ni ɗalibin adabi ne, an koya mini yadda a ke bin sawun rubutu, kuma ba zan yarda a yi amfani da wannan ilmi a kan littafin wasu a hana yin amfani da shi a kan nawa ba.

Mu fara da Attaura, domin nan ne jahilcinmu ya fi kauri. Da yawanmu ba su ma bambanta Attaura da Talmud ba. Attaura a wurin Yahudawa littattafai biyar ne na farkon kundinsu mai littafi 24. Talmud kuwa tarin muhawarar malamansu ne, kamar a ce fiƙihu da hadisai da ƙissoshi an zuba su wuri ɗaya, wanda aka kammala na Babila wajen ƙarni na 6 na Miladiyya. To, abin da masu kishin nan ba su sani ba shi ne, ba Turawa suka fara tambayar wa ya rubuta Attaura ba. A cikin Talmud ɗin kansa malaman Yahudawa sun tsaya a kan ayoyi takwas na ƙarshen littafi na biyar, inda aka ba da labarin rasuwar Annabi Musa da binne shi. Mutum ya rubuta labarin jana'izarsa? Wani malami ya ce Yusha'u ne ya ƙarasa, wani ya ce a'a, Musa ne ya rubuta yana hawaye. A ƙarni na 12 wani babban mai tafsirinsu ɗan Andalus, Ibrahim Ibn Ezra, ya nuna wasu wuraren da ba su yi kama da rubutun zamanin Musa ba, kamar inda aka yi maganar Kan'aniyawa a matsayin mutanen da suka zauna a ƙasar a da, alhali a zamanin Musa suna nan daram. Ya yi nunin ne a dunƙule, irin na mai tsoron jama'arsa, ya bar wa mai hankali ya gane.

Kafin shi ma akwai namu. Ibn Hazm na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya zauna ya karanta Attaura, ya lissafa shekarun annabawa da nasabobinsu, ya fitar da wuraren da ya ga sun ci karo da juna, ya ce wadda ke hannun Yahudawa Uzairu ne ya shifta ta bayan an komo daga bautar Babila. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, kuma harshensa a kan Yahudawa ya yi kaifi fiye da kima, dole ka ba shi abu ɗaya: ya karanta kafin ya yi magana. Mu da mu ke ambaton sunansa ba mu gaji wannan ba.

Daga nan maganar ta koma Turai. Spinoza, Bayahude ɗan Amstadam wanda jama'arsa suka kore shi a 1656, ya buga littafi a 1670 ya fito da abin da Ibn Ezra ya ɓoye, shi ma ya karkata ga Uzairu. A 1753 wani likitan sarkin Faransa, Jean Astruc, ya lura a Littafin Farawa wani sashe yana kiran Allah da suna ɗaya, wani sashen da wani suna, ya ce tsofaffin takardu ne aka haɗa. Abin ban dariya, shi Astruc kāre Annabi Musa ya fito yi, cewa ya ke Musa ne ya haɗa takardun. Wuƙar da ya ƙera ita aka yi ta wasawa har ta kai hannun Bajamushen nan Julius Wellhausen, wanda a 1878 ya tsara ra'ayin da ya shahara: Attaura daga tushe huɗu aka saƙa ta, a zamuna daban-daban, na ƙarshensu kuwa aikin malaman ibada ne na lokacin bautar Babila da bayanta, ɗaruruwan shekaru bayan Musa.

Ga abu biyu da masu riƙe da sunan Wellhausen kamar laya ya kamata su sani. Na ɗaya, ginin nasa ya tsattsage. Tun daga shekarun 1970 masana irin su Van Seters da Rendtorff suka rushe sassansa, kuma yau babu daidaito a kan cewa tushe huɗu ne cif. Abin da galibin masanan jami'o'i suka haɗu a kai shi ne, rubutun ya ratsa hannaye da yawa, kuma ya ɗauki kamanninsa na yanzu wajen zamanin mulkin Farisa. Malaman Yahudawa masu riƙe da gargajiya ba su taɓa yarda da ko wannan ba, har wani daga cikin manyansu, Solomon Schechter, ya zargi dukan harkar a 1903 da cewa ƙin jinin Yahudu ne aka sa masa rigar ilmi. Kun ji? Kalmar da mu ke jifan mustashriƙai da ita, ita su ma suka jefe su da ita. Na biyu, wannan Wellhausen ɗin dai, bayan ya ajiye kujerarsa ta koyar da tauhidin Kirista a 1882, nazarin Larabci ya koma, ya rubuta littafi a kan daular Larabawa da faɗuwarta a 1902, da irin wuƙar da ya feɗe Attaura. Watau shi ma mustashriƙi ne. Yaya za a yi shaidarsa ta karɓu ranar Asabar ta ƙi karɓuwa ranar Juma'a?

Sa'an nan ga tsofaffin takardu. A 1947 makiyaya suka tsinci tuluna cike da naɗaɗɗun fatu a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri. Kafin 1956 an gano kogo 11 masu rubutu. Rubuce-rubucen sun kama daga ƙarni na 3 kafin Annabi Isa zuwa ƙarni na farko bayansa, kuma an sami wani abu na kowane littafi na kundin Yahudawa in ban da na Esta. Kafin nan, cikakken kundi mafi tsufa da a ke dogara da shi shi ne wanda aka rubuta a Alƙahira wajen 1008. Da aka gwada littafin Ishaya na kogo da na wannan kundi, tazarar fiye da shekara dubu, sai aka tarar galibin bambancin na rubutun kalma ne da ƙananan abubuwa. Wanda ke cewa Yahudawa kullum suna kankare littafinsu suna sabuntawa, to fatun nan sun ƙaryata shi. Amma fatun ba su bar kowa ya yi barci ba, domin an sami guntun littafin Irmiya da ya bi wata gajeruwar siga, wadda ta dace da tsohuwar fassarar Girkanci ta Iskandariyya, aka kuma sami rubutun Attaura mai kama da na Samariyawa. Ma'ana a wancan zamani akwai siga fiye da ɗaya tana yawo. Bugu da ƙari, mafi tsufan fatun nan ma yana bayan zamanin Musa da kusan shekara dubu.

Ko maganar tahrifi da mu ke yi kamar an gama ta, malamanmu na da ba su yi baki ɗaya ba. Wasu, irin su Ibn Hazm, sun ce lafazin aka canza. Wasu sun ce galibi ma'ana aka karkatar wajen fassara, kuma Ibn Khaldun yana cikin masu wannan ra'ayi. Malam Biƙa'i, wanda ya rasu a 1480, har ciro nassosin Attaura da Linjila ya yi ya sa a tafsirinsa, malaman Alƙahira suka taso masa, ya rubuta littafi sukutum don kāre kansa. Ya halatta mutum ya zaɓi ra'ayin da ya fi gamsar da shi. Bai halatta ya ɓoye cewa akwai ɗayan ba. Kuma ina roƙo, abin da ke faruwa da Falasɗinawa magana ce mai zaman kanta da ta cancanci fushinmu a wurinta, amma ba hujja ba ce a kan wa ya rubuta Littafin Farawa.

Yanzu sai in juyo kan wayayyunmu.

Maganar kwafe tsohuwa ce ƙwarai. Alƙur'ani da kansa ya ba da labarin mutanen Makka suna cewa tatsuniyoyin mutanen farko ne, suna cewa wani mutum ne ke koya wa Annabi, ya kuma ba su amsa da cewa harshen wanda su ke nufi ba Larabci ba ne. A jami'o'in Turai kuwa, wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne Abraham Geiger, malamin Yahudu, a wani littafi da ya buga a 1833 yana ɗan shekara 23, tsarana ke nan. Ya jera wuraren da Alƙur'ani ya yi kama da Talmud da littattafan ƙissoshin Yahudawa. A yi masa adalci, bai kira Annabi maƙaryaci ba kamar yadda Turawan da suka gabace shi suka saba, ya ɗauke shi mutum mai gaskata abin da ya ke faɗa. Ɗan mishan Tisdall ne ya ɗebi kayan Geiger a 1905 ya mayar da su makamin wa'azi, kuma yawancin abin da wayayyunmu ke maimaitawa daga wannan rumbu ya fito, ko sun sani ko ba su sani ba.

Shin akwai kamannin? Akwai, kuma wauta ce a musa. Ƙissar Annabi Ibrahim da karya gumakan mutanensa ba ta cikin littattafai biyar na Attaura, amma tana cikin wani littafin tafsirin Yahudawa na wajen ƙarni na 5, kafin Musulunci. Hukuncin nan na cewa kashe rai ɗaya kamar kashe mutane duka ne yana da ɗan'uwa a Mishna, kuma Alƙur'ani da ya kawo shi cewa ya yi a kan Bani Isra'ila aka rubuta shi. To, ina ɓarawon da ke nuna gidan da ya shiga? Littafin da ya fito fili ya ce ya zo ne yana gaskata abin da ya gabace shi, yana gyara shi, yana jayayya da masu riƙe da shi, ba a kama shi da laifin kama da abin da ya gabata.

Mu 'yan sashen Hausa mun san yadda aro ya ke in an kama shi. Allah ya tsare ni da kwatanta littafinsa da na ɗan Adam, hanyar bincike kawai na ke nufi. Mun san Abubakar Imam ya ɗauko labarai da yawa na Magana Jari Ce daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya. Ta yaya muka sani? Mun san ya zauna a Zariya a 1936, mun san Rupert East ya tara masa littattafai, muna iya ajiye labarin asali kusa da na Imam mu nuna inda ya bi da inda ya bauɗe. Akwai mutum, akwai wuri, akwai littafi, akwai shekara. Duk ɗalibin da ya kawo wa malaminsa kundin digiri ya ce wane ya kwafi wane don kawai labaransu sun yi kama, ba tare da ya nuna hanyar ba, jan biro zai sha. To ina hanyar a nan? Babu wata shaida tabbatacciya ta cewa an fassara Attaura cikin Larabci a rubuce kafin Musulunci. Fassarar da ta shahara, ta Sa'adiya Gawon, a ƙarni na 10 aka yi ta. Wasu kuma daga littattafan da a ke cewa an kwafa, bayan Musulunci aka rubuta su. Ɗaya daga ciki, wanda a ke jingina wa Rabbi Eliezer, a cikinsa an ba matan Annabi Isma'ila sunayen A'isha da Faɗima. Wa ya ji daga wa ke nan?

Ba na cewa Larabawa ba su taɓa jin ƙissoshin nan ba. Akwai Yahudawa a Madina da Yaman, akwai Nasara a Najran, fatake suna kai da kawowa Sham. Salon Alƙur'ani ma ya nuna masu sauraro sun san wani abu, shi ya sa ya kan taɓo ƙissa a taƙaice ya wuce ga darasinta. Wannan ne ya sa da yawa daga masanan Turai na yanzu, irin su Angelika Neuwirth ta Jamus, suka bar lissafin wa ya ari me, suka koma tambayar me Alƙur'ani ya yi da ƙissar, me ya tabbatar, me ya ƙi. Wayayyunmu suna sayar da hajar da masu ita suka daɗe da saukewa daga kanta.

Maganar shekara ɗari biyu ta fi wannan muni. John Wansbrough na Jami'ar Landan ne ya kawo ta a 1977, ya ce Alƙur'ani bai zama kammalallen littafi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 8 ko farkon na 9, kuma a Iraƙi, cikin hayaniyar ƙungiyoyin addinai. A shekarar ne kuma Patricia Crone da Michael Cook suka fitar da nasu littafin mai kama da wannan a tsaurin ido. Hasashe ne, sun gina shi a kan rashin amincewa da ruwayoyin Musulmi. Sai fatu suka yi magana. A 1972 masu gyaran Babban Masallacin San'a'a suka tarar da tarin tsofaffin takardun Alƙur'ani a rufin ginin. An gwada fatar ɗaya daga ciki da gwajin kabon, wanda ke nuna lokacin da dabbar ta mutu, sakamakon da aka buga a 2010 ya ce kashi 99 cikin ɗari ta riga shekarar 671. A 2015 Jami'ar Bamingam ta ba da sanarwar cewa wasu warƙa biyu da ke ɗakin karatunta, masu ɗauke da sassan surorin Kahfi da Maryam da Ɗaha, fatarsu ta faɗa tsakanin 568 da 645. Ga kuma ayoyin da aka rubuta a jikin Ƙubbar Dutse a Ƙudus, masu tarihin shekara ta 72 ta Hijira. Ita kanta Crone daga baya ta rubuta cewa ana iya samun natsuwa a kan cewa Alƙur'ani tarin abin da Annabi ya furta ne yana mai gaskata wahayi ne. Gwajin kabon fata ya ke aunawa, ba tawada ba, kuma har yanzu akwai masu jayayya, kamar Stephen Shoemaker da ya kai kammalawar zuwa zamanin Abdulmalik a littafinsa na 2022. Amma ku duba yadda tazarar ta tsuke, daga shekara ɗari biyu ta koma gardama a kan shekara hamsin.

Kun ga ashe mudu ɗaya bai cuce mu ba. In an auna littattafan biyu da ma'auni guda, watau tazarar da ke tsakanin annabin da mafi tsufan rubutun da ya rage, na Attaura ƙarnuka ne masu yawa, na Alƙur'ani shekaru ne da a ke ƙirgawa da goma-goma. Wannan hujja ta fi duk ihun da mu ke yi nauyi, amma ba ka da ikon riƙe ta sai ka yarda da ma'aunin baki ɗayansa, har da inda ya taɓa ka.

Yana kuwa taɓa masu kishin nan a wurare. Fatar San'a'a da na ambata wankakkiya ce, kamar yadda almajiri ke wanke allo ya sake rubutu. Rubutun sama ya bi mus'hafin Usmanu. Na ƙasa, wanda aka wanke amma inuwarsa ta rage, ya saɓa masa a wasu kalmomi da kuma jerin surori. Na ji ɗalibi ya rantse ƙaryar Yahudawa ce. Subhanallahi! Ai malamanmu ne suka fara ba da labarin irin wannan. Buhari ya kawo yadda Huzaifa ya dawo daga yaƙin Armeniya da Azarbaijan ya tarar da Halifa Usmanu da kukan saɓanin karatu, aka karɓo takardun da ke wurin Hafsa, aka sa Zaidu ɗan Sabitu da abokansa suka kwafa, aka aika garuruwa, aka ƙone sauran. Me aka ƙone in babu abin ƙonewa? Ibn Abi Dawud ya rubuta littafi guda a kan mus'hafan sahabbai, ya lissafa inda na Ibn Mas'ud da na Ubayyu suka bambanta. Masanan da suka karanta rubutun ƙasan nan, Sadeghi da Goudarzi, cewa suka yi irin waɗannan mus'hafan ne, kuma ya ƙarfafa ruwayar Musulmi. Abin da ya kamata ya zama hujjarmu shi mu ke gudu, don ba mu karanta namu ba.

Haka wanda zai bugi ƙirji ya ce ko wasali ɗaya bai bambanta ba a dukan mus'hafan duniya. Wannan bai taɓa zama tsakanin kakansa da ƙanensa ba. Kakan ya yi karatun Warshu a tsangaya, ƙanen yana karatun Hafsu a Islamiyya, tun a Fatiha akwai kalmar da ɗaya ke ja ɗaya ba ya ja. Ƙirgen ayoyi na Kufa 6236 ne, na Madina da mus'hafan Warshu ke bi 6214 ne, ba don an ƙara ko an rage magana ba, sai don inda a ke sa alamar ƙarshen aya. Lissafin 6666 da a ke faɗa a bakin titi ba na kowa ba ne cikinsu. Duk wannan ilmi ne mai suna, ilmin ƙira'a, Ibn Mujahid ya tsara bakwai a ƙarni na 10, Ibn Jazari ya tabbatar da goma. Wanda ya musa shi don kāre Alƙur'ani, ranar da wani ya ajiye masa mus'hafi biyu a gaba, imanin da ya gina a kan ƙarya zai girgiza, alhali gaskiyar ba ta da abin tsoro.

Kuma kafin mu ce babu abin da ya haɗa mu da ruwayar Yahudawa, mu leƙa tafsiranmu. Sunan Hauwa'u ba ya cikin Alƙur'ani, haka Habila da Ƙabila, haka Bilkisu da Zulaiha. Ta hanyar hadisi da tafsiri da ƙissoshin annabawa suka iso mana, wasu kuwa asalinsu daga Ma'abota Littafi ne, ta bakin irin su Ka'abul Ahbar da Wahabu ɗan Munabbih. Malamai suka sa wa wannan kaya suna Isra'iliyyat, Ibn Kasir ya kasa shi uku: wanda littafinmu ya gaskata, wanda ya ƙaryata, da wanda ya yi shiru a kansa, shi kuma ba a gaskata shi ba a ƙaryata shi. Mutanen nan sun tace, ba su zubar da ƙwaryar duka ba.

Akwai iyakar da ma'aunin ba ya wucewa, kuma nan ne wayayyunmu ke yin nasu algus. Masanin tarihi yana iya faɗa maka shekarun fata, da irin hannun da ya yi rubutu, da wane kwafi ya fito daga wane. Ba shi da na'urar da za ta gwada ko Mala'ika Jibrilu ya sauko. In ya ce bai sauko ba, ba bincikensa ne ya nuna masa ba, da abinsa ya shigo ɗakin. Musulmi ya ga kamannin ƙissar Ibrahim a littattafan biyu ya ce mafari ɗaya ne, wanda bai yi imani ba ya ce ɗaya ya ji daga ɗaya. Takardar ba ta raba wannan gardama, kuma duk wanda ya ce maka kimiyya ta raba ta, mudun sayarwa ya ciro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da hannun da za mu sa a wannan bincike, mun naɗe shi. A 2019 wani masani ɗan Holan, Marijn van Putten, ya bi kalmar ni'ima a inda aka jingina ta ga sunan Allah cikin tsofaffin mus'hafai. A wasu ayoyi an rubuta ta da ta-kuri, a wasu da buɗaɗɗiyar ta, ba tare da wata ƙa'idar nahawu da ta tilasta hakan ba. Ya tarar mus'hafan sun dace da juna wuri bayan wuri, ya ce wannan ba ya yiwuwa sai in duk daga rubutaccen asali ɗaya aka kwafo su, abin da ya dace da labarin mus'hafin Usmanu. Masana suka yaba, kuma ya cancanta. Amma wane alaramma ne a Kano ko Gashuwa ko Damagaram bai san wuraren nan da ka ba? Mutanen da ke rubuta Alƙur'ani sukutum ba tare da dubawa ba, su sa harji a gefe suna faɗa maka sau nawa kalma ta zo da wace siga, su ne mu ke wucewa a bakin hanya muna kira 'yan gargajiya. Ilmin da Bature ya tattara da hotunan takardu yana nan a ƙirjin gardi, ba wanda ya tambaye shi.

Don haka ina kawo shawara ga shugabannin wannan ƙungiya tamu. A zangon karatu mai zuwa a ware zama ɗaya, a buga hotunan warƙoƙin Bamingam manya-manya, tun da jami'ar ta sake su ga kowa. A gayyato alaramma guda mai Warshu, da malami daga sashen Larabci, da wani daga sashen nazarin addinai wanda ya iya Ibrananci, ya zo da hoton littafin Ishaya na kogo. A shimfiɗa su a tebur, alaramma ya bi rubutun Hijazi da yatsa ya gaya mana inda ya dace da allonsa da inda alif ya faɗi, mai Ibrananci ya yi mana haka da nasa. 'Yan kashi na farko da na biyu su zauna a sahun gaba, kowa da takarda da biro. Ni na ɗauki nauyin zuwa tsangaya in yi wa alaramma magana, in ƙungiya za ta biya kuɗin mota da na buga hotuna.